Zuciyar na'ura: yadda majinyaci ke rayuwa kafin a yi masa dashe

Idan ciwon gazawar zuciya ya kai matakin ƙarshe, magani ba ya ƙara yin tasiri. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa ko da mutum yana kwance, 'yan takun da ke tsakanin ɗaki da tsakar gida su gagare shi. A ƙasashen da suka ci gaba a fannin lafiya, abin da ya rage wa irin wannan majinyaci shi ne dashen zuciya. Sai dai zuciya ba kamar ƙoda ba ce da ɗan'uwa zai ba da ɗaya ya rayu da ɗaya. Dole a jira wani ya rasu. Domin majinyaci ya kai wannan rana da ransa ne ake sanya masa zuciyar na'ura, ta yi riƙon ƙwarya.

Na'urar iri biyu ce. Wadda aka fi amfani da ita ƙaramin famfo ne da ake haɗawa da ɓangaren hagu na zuciya, ya taya ta tura jini zuwa sassan jiki. Irinta aka sanya wa tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney a 2010, ya rayu da ita wata 20 kafin a yi masa dashe a watan Maris na 2012. Ɗaya kuwa, sai an cire manyan ɗakunan zuciya biyu na ƙasa gaba ɗaya, a maye gurbinsu da na'ura. Likita Denton Cooley ne ya fara gwada wannan a birnin Houston a 1969, inda majinyacin ya yi sa'a 64 da ita. A 1982 wani likitan haƙori, Barney Clark, ya yi kwana 112 da samfurin Jarvik-7. A baya-bayan nan, wani mutum a birnin Sydney na Ostareliya ya haura kwana 100 da zuciyar ƙarfen titaniyam ta kamfanin BiVACOR, har aka sallame shi daga asibiti, kafin a yi masa dashe a watan Maris na 2025.

Rayuwa da na'urar ba ƙaramin aiki ba ce. Waya ko bututu ne ke fitowa ta fatar ciki ya haɗu da batura da akwatin sarrafawa, waɗanda majinyaci ke ratayawa duk inda za shi. Wani matashi a jihar Michigan ta Amurka ya yi kwana 555 yana goye da jaka mai nauyin kusan kilo 6. Da dare ana jona na'urar da wutar gida, da rana a dogara ga batura masu ɗaukar wasu sa'o'i. Ba a iyo, ba a nutsa jiki cikin ruwa, kuma wurin da wayar ta fito yana buƙatar wanki da sabon bandeji a kai a kai, domin ƙwayar cuta na iya bin wayar ta shiga jini. Ga maganin tsinka jini da ake sha kullum: idan ya yi kaɗan jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki, idan ya yi yawa a samu zubar jini. Wani abin mamaki shi ne, da yawa daga masu famfon zamani ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu, saboda famfon yana tura jinin ne babu tsayawa.

Mai karatu a Gombe zai fara da tambayar wutar lantarki, kuma yana da hujja. A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka shafe makonni cikin duhu. Amma wuta ba ita ce babbar matsalar ba, tunda janareto da hasken rana na iya toshe wannan giɓi. Matsalar ita ce riƙon ƙwarya ba shi da amfani idan babu mai zuwa ya karɓa. Tun ranar 3 ga Disamba, 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a Afirka ta Kudu, amma har yau aikin bai kankama a Najeriya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, sai dai daga masu rai ake karɓa. Ita zuciya tana buƙatar tsarin karɓar gaɓɓai daga mamata da amincewar iyalansu, kuma a dasa ta cikin sa'a 4 zuwa 6 bayan an cire ta.

Masu buƙatar kuwa suna nan. Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a ƙasar nan, ga kuma ciwon da ke lalata ƙofofin zuciyar yara bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Akwai kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda arewacin Najeriya ke cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Likitocin da suka yi nazarinta a Zariya a shekarun 1970 sun ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka yi daga baya bai tabbatar da hakan ba. Ya fi nuna alaƙa da talauci, rama da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini.

Da yawa daga irin waɗannan mata zuciyarsu kan farfaɗo da magani idan an gano ciwon da wuri. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ko ba ta iya barci sai an jingina ta da matasai, hoton zuciya take buƙata, kuma a garin Gombe sashen likitocin zuciya na Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ya kamata a nufa da ita.