Ciwon Kan Da Tushensa Ke Cikin Zuciya

Akwai yaron da ake sani da saurin haki tun yana ƙarami. In ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna, harshensa da dasashinsa su yi duhu, kan yatsunsa kuma a kumbure. Akan ce haka Allah Ya yi shi, ya girma a haka, wani har ya yi aure. Sau da yawa da tawaya a zuciya aka haife shi. Wadda aka fi sani ita ce wadda likitan nan na Faransa, Fallot, ya bayyana a 1888: huda a bangon da ya raba zuciya biyu, haɗe da tsukewar hanyar da ke kai jini huhu. Tun 1944 aka fara yi wa irin waɗannan yara tiyata a Amurka. A wajenmu da yawa har yau ba a ma gano ciwon.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da wannan huda ke yi wa ƙwaƙwalwa. Huhu rariyar jini ne, yana tace ƙwayoyin cutar da suka shigo ta ruɓaɓɓen haƙori ko wani miki. Mai huda kuwa, wani kason jininsa kan tsallake huhu ya wuce jiki ba tacewa. Ga shi jinin ya yi kauri saboda ƙarancin iskar oksijin, yana tafiya da ƙyar a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har wani ɗan wuri ya mutu. Nan ƙwayoyin cutar ke sauka, mugunya ta taru, ƙurji ya kafu cikin kai.

Yakan fara da ciwon kai mai naci, sai amai, sai yawan barci ko rikicewa. Wani ɓarin jikinsa ya saki, wani ya faɗi yana jijjiga. Zazzaɓi ba lallai ba ne. Mu kuma mun saba: kemis ya ba da maganin maleriya, bai yi ba a ce taifod ne, in an faɗi a ce iska ce. Makonni su tafi a haka, ƙurjin yana girma. Ko a asibiti sai an yi hattara, domin a ƙasar sanƙarau hannu yakan yi saurin kaiwa ga ɗibar ruwan ƙashin baya, kuma yin haka ga mai ƙurji a kai na iya kashe shi.

Hoton kai na CT ke nuna ƙurjin, wani zobe a cikin ƙwaƙwalwa. Likitan tiyata yakan huda ƙoƙon kai ya zuƙe mugunyar, a bi da alluran kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya na mako shida zuwa takwas. Ana wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, kuma mutane suna warkewa, ko da yake wasu kan saura da farfaɗiya.

Wanda ke da wannan zuciya ya kula da haƙoransa, ya yawaita shan ruwa a watannin zafi, ya tuntuɓi likita kafin azumi. In ciwon kai ya ƙi lafawa, ɗan rakiya ya fara da gaya wa likita cewa mara lafiyar yana da huda a zuciya, ya kuma nemi a ɗauki hoton kai.