SARTSE DA ƘAYA: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Gwaram

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da kaka, sa'ad da mutanen Gwaram da Sara da Basirka da Fagam ke yankan dawa suna ɗaure kara, da wuya a wuni ba a sami wanda sartse ya shiga hannunsa ba, ko wanda ya taka ƙayar aduwa ko ta bagaruwa. Galibi abin yakan warke. Amma wani lokaci ɗan wannan rauni shi ne ƙofar ajali. Saboda haka aka rubuta wannan takarda, domin Hakimai su sani, su kuma sanar da talakawansu.

Inda haɗarin yake

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman a gonar da aka zuba wa taki da kuma turken doki. Ita ke kawo ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Wani likitan Jamus, Nicolaier, ya gano a 1884 cewa daga ƙasa take fitowa, a 1889 kuma Kitasato, mutumin Japan, ya ware ta ita kaɗai. Halinta shi ne ba ta yaɗuwa sai inda iska ba ta kai. Don haka rauni mai faɗi da aka wanke bai kai ƙaramin huji mai zurfi haɗari ba, gama bakin hujin yakan rufe, ƙwayar ta sami wurin zama.

Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan an manta da raunin. Da fari muƙamuƙi ya ƙage, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara, sa'an nan jiki ya riƙa fizga. Ba a ɗaukarsa daga wani mutum, ba kuma aikin iskoki ba ne. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi asibiti nan take.

Yadda za a cire a gida

1. Mai cirewa ya wanke hannunsa da sabulu, ya wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce.
2. A dafa allura da hantsaki cikin ruwa minti goma. In babu hali, a sa tsinin a harshen wuta, a bari ya huce.
3. A zauna a wuri mai haske. In kan sartsen yana waje, a kama shi a ja a hankali ta hanyar da ya shiga, kada ya karye.
4. In ya ɓuya ƙarƙashin fata amma ana hangensa, a ɗaga fatar da tsinin allura har kansa ya fito. Kada a matse wurin, kada kuma a yi ta haƙa.
5. A sake wankewa da sabulu, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta, a riƙa dubawa kullum.

Kada a shafa kashin shanu, ko ƙasa, ko toka a rauni. Wanda ya yi haka ya kai wa cutar guzuri da hannunsa. Askar da aka yi wa wani aiki da ita kada ta taɓa wani sai an dafa ta, domin tana ɗauke da cututtukan jini.

Wanda za a kai asibiti

Sartsen da ya shiga ido, ko ya nutse ƙarƙashin farce ko cikin gaɓa, ko ya karye a ciki, ba aikin gida ba ne. Haka kuma in wurin ya kumbura yana zogi, ko ya tara mugunya, ko kaluluwa ta fito a hammata ko a matsematsi, ko zazzaɓi ya zo. Masu ciwon sukari da masu kuturta ƙafarsu ba ta jin zafi sosai, su duba tafinsu kowane dare. Abin da ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Rigakafi

Allurar rigakafin wannan ciwo an samo ta tun 1924. Ana yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, ana kuma yi wa mata masu ciki domin ta kāre su da abin da za su haifa. Babba da ya ji rauni mai zurfi mai dauɗa, in ya wuce shekara biyar bai yi ba, ko bai taɓa yi ba, ya je a yi masa a ranar. Ko wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, tilas ne a yi masa, gama zai iya sake kamuwa.

Abin da ake roƙon Hakimai

A tara Dagatai da masu unguwa a karanta musu wannan takarda kafin kaka. A sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa. A gargaɗi manoma da masu kiwo su sa takalmi, a kuma jawo hankalin wanzamai da ungozomomi su riƙa dafa kayan aikinsu. Malamin Hakimi ya rubuta ƙauyen da aka sami mai wannan ciwo, ya aika wa ma'aikatan lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.