Sunayen Sarauta a Cikin Tsarin Mulkin Ailan

Mai nazarin harshe da ya duba tsarin mulkin ƙasar Ailan, abin da zai fara jan hankalinsa shi ne sunayen muƙamai. Ginin mulkin kusan irin na Ingila ne, watau majalisa ke fid da gwamnati, ita ce kuma ke iya tuɓe ta. Amma sunayen da aka laƙaba wa ginin ba na Turanci ba ne, kuma da gangan aka yi haka.

Gundumomi 26 na tsibirin sun sami mulkin kai a 1922, shida na arewa suka zauna tare da Birtaniya. A 1937 Eamon de Valera ya kawo sabon tsarin mulki, jama'a suka amince da shi ta hanyar ƙuri'a. A ciki aka kira shugaban gwamnati Taoiseach, kalmar da a dā ake kiran shugaban dangi da ita. Mataimakinsa aka ce masa Tánaiste, watau magajin da ake tsai da shi tun sarki na da rai, abin da Bahaushe zai kwatanta da Yarima ko Ciroma. Majalisar wakilai sunanta Dáil, ma'anarta taro. Wakilanta 174 ne tun zaɓen 2024. Majalisar dattawa, Seanad, mutum 60 ke cikinta, Taoiseach ke naɗa 11. Ikonta kaɗan ne, iyakarta ta jinkirta doka. Shugaban ƙasa, Uachtarán, jama'a ke zaɓensa na shekara bakwai, amma mulki ba a hannunsa yake ba. Wanda ya fara riƙe wannan muƙami a 1938 shi ne Douglas Hyde, malamin harshe, wanda ya shugabanci ƙungiyar raya harshen Ailan tun kafa ta a 1893.

Ba a tsaya ga sunaye ba. Sashe na 8 ya ce harshen Ailan shi ne harshen ƙasa, shi ne kuma na farko a aikin hukuma, Turanci na biyu. Sashe na 25 ya ƙara da cewa in rubutun tsarin mulkin na harsunan biyu ya saɓa, na harshen Ailan za a bi. Abin mamaki kuwa, yawancinsa da Turanci aka fara tsara shi, sa'an nan aka juya. Ashe fassara ta fi asali ƙarfi a gaban alƙali ke nan, al'amarin da ya kamata mai koyar da fassara ya tsaya a kansa.

To, ina harshen ya kwana? Zaman Dáil na farko, ran 21 ga Janairu 1919, da harshen Ailan aka yi shi. Yau kuwa kusan dukan mahawara da Turanci ake yi. A ƙidayar 2022 wajen kashi 40 cikin ɗari sun ce suna iya harshen, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. Duk da haka sunayen sun kama. Mutumin Dablin da ba ya iya haɗa jimla guda da harshen kakanninsa ba zai ce Firayim Minista ba in yana nufin shugaban gwamnatinsa, sai Taoiseach, har jaridun Ingila ma haka suke rubutawa.