Gidan Makama: Ginin Ƙasa Mai Neman Yaɓe

Duk wanda ya bi ta wajen Ƙofar Kudu a birnin Kano, ba zai rasa ganin wani katafaren gini na jar ƙasa ba, zankwayensa sun miƙe sama kamar kunnuwan zomo. Wannan shi ne Gidan Makama. Bisa ga abin da aka gada a baka, an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Bayan Turawa sun ci birnin a 1903 sun zauna cikinsa na ɗan lokaci. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta tsare, yanzu kuwa wani sashe nasa gidan adana kayan tarihi ne.

Galibin masu ziyara idonsu kan tafi ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari da kayan yaƙi. Amma fa da za su ɗaga kai su dubi rufi, da sun ga abin da ya fi waɗannan ban mamaki.

Maginan dā ba su da ƙarfe, ba su da siminti. Tubali suke murzawa da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya a rana, sa'an nan su jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kaurin shi ke sa zaure ya yi sanyi da tsakar rana ko da a watan bazara ne.

Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cika cinta ba, sai dai ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To, yaya za a rufe babban soro? Sai magini ya dasa azara cikin bango, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, ya ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a tsakiya. In aka lulluɓe su da ƙasa, sai ga bakan gizo. In bakuna suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga. Ba takarda, ba awon injiniya, sai ido da abin da uba ya koya wa ɗa.

Abokin gabar irin wannan gini ruwa ne. Saboda haka ake sa indararo ya zubar da shi nesa da bango, a shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, a kuma yaɓe jikin bango da makuba ta kwasfar ɗorawa. Ko wanne sai an riƙa sabunta shi. Damina biyu ko uku in aka yi sakaci, tsaga ta bayyana, ruwa ya sami hanyar kai wa azara.

A nan ne damuwar take. Doka ta hana rushe gidan, amma ba ta iya murza tubali. Maginan da suka san ɗaurin guga suna ta raguwa, 'ya'yansu sun koma ga bulo. Wasu kuma sun ɗauka shafa siminti a kan ƙasa gyara ne, alhali kuwa siminti kan tsare laima a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ran da zai zube. Lalle ya kamata hukumar da ke kula da gidan ta riƙa ɗaukar samari suna koyo a hannun dattawan magina duk lokacin da za a yi yaɓe, tun waɗannan dattawa suna iya hawa tsani.