"Ba Haka Yake a Littafi Ba": Shin Finafinan Marvel da DC Na Riƙe Amanar Littattafan Zane?

Duk lokacin da sabon fim ɗin Marvel ko DC ya fito, ba a rasa mutum guda a zauren WhatsApp da zai zuba wa murnar jama'a ruwan sanyi da cewa, "Ai ba haka yake a littafi ba." Daga nan sai musu ya ɓarke. Yawancinmu a fuskar waya muka fara haɗuwa da Iron Man da Batman da Black Panther, ba mu taɓa riƙe littattafan zane da aka ciro su daga ciki ba, waɗanda ake kira komik. Saboda haka idan aka yi mana wannan magana sai mu yi shiru, mu ɗauka an cuce mu.

To, an cuce mu ɗin ne? Mun ɗauko wasu sanannun finafinai mun jera su kusa da littattafansu, don mu ga abin da aka sauya, dalilin sauya shi, da kuma inda sauyin ya zama cin amana.

Iron Man: daga taransista zuwa ƙirƙirarriyar basira

Bari mu fara da jarumin masu son na'urori. Tony Stark ya fara bayyana a 1963, a fitowa ta 39 ta mujallar Tales of Suspense. A can, a Biyetnam aka kama shi lokacin yaƙi, kuma sirrin ƙarfin sulkensa shi ne taransista, wato na'urar da ta fi kowace burge mutane a wancan zamani. Fim ɗin 2008 ya mayar da labarin Afganistan, ya kuma ba shi wata ƙaramar tashar makamashi mai haske a ƙirji. Da an ce wa mai kallo na 2008 taransista ce ke ɗaga sulke sama, da dariya zai yi, don akwai miliyoyinta a wayar da ke aljihunsa.

Haka ma Jarvis. A littafi, Edwin Jarvis mutum ne mai jini a jika, hadimin gidan su Stark. Fim ya mayar da shi manhajar ƙirƙirarriyar basira mai magana da murya, shekaru uku kafin Siri ta shigo iPhone a 2011. Kusan babu wanda ya yi ƙorafi, domin Tony Stark ɗin bai sauya ba: attajiri mai ƙera makamai, mai girman kai, wanda raunin zuciyarsa ya tilasta masa duba ɓarnar da sana'arsa ke yi.

Spider-Man kuma nasa ya bi ta wata hanya. Tun 1962 da Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi, Peter Parker da kansa ya ƙera na'urar harba saƙar gizo da yake ɗaurawa a wuyan hannu. Fim ɗin Sam Raimi na 2002 ya cire na'urar, ya sa saƙar ta riƙa fitowa daga jikinsa. Masu karatu sun ji haushi, kuma suna da hujja, don na'urar ce shaidar cewa yaron haziƙi ne a kimiyya. A 2012 fim ɗin The Amazing Spider-Man ya dawo da ita.

Lokacin da lauyoyi ke rubuta labari

Wani sauyin ba daga darakta yake zuwa ba, daga takardar yarjejeniya yake. A shekarun 1990 kamfanin Marvel ya shiga matsin kuɗi har ya bayyana karyewa a 1996. A wannan zamani ne haƙƙin yin fim da X-Men da Fantastic Four ya koma hannun Fox, na Spider-Man kuma ya koma Sony. Sai a 2019, da Disney ya saye Fox, waɗancan jarumai suka dawo gida.

Wannan ya shafi labarai kai tsaye. A littafin The Infinity Gauntlet na 1991, wanda Jim Starlin ya rubuta, Silver Surfer ne ya faɗo ta rufin gidan Doctor Strange yana gargaɗin zuwan Thanos. A fim ɗin Avengers: Infinity War na 2018, Hulk aka jefo ta rufin, domin Silver Surfer na hannun Fox.

Babban sauyin shi ne dalilin Thanos. A littafi, ya hallaka rabin halittu ne don ya burge wata da yake so, wato Mutuwa da aka zana a siffar mace. A fim, ya ce halittu sun yi yawa, abinci da albarkatu ba za su isa ba. Masu kallo da dama sun fi fahimtar wannan dalili, amma ya zo da ɓaraka: wanda ke da ikon shafe rabin halittu da ƙyasta yatsa, me ya hana shi ninka abincin? Thanos na littafi ba ya fuskantar wannan tambaya, don shi mahaukacin so ne.

Daga Stamford zuwa Legas

Littafin Civil War na Mark Millar da Steve McNiven ya fito tsakanin 2006 da 2007. Ya fara ne da fashewa a garin Stamford na Amurka, inda wasu matasan jarumai masu ɗaukar shirin talabijin suka afka wa wani mugu mai suna Nitro, aka rasa mutum sama da 600, ciki har da yaran makaranta. Gwamnati ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane jarumi yin rajista da sunansa na gaskiya. Har Spider-Man ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida.

Fim ɗin Captain America: Civil War na 2016 ya ɗauke fashewar ya kawo ta Legas, ko da yake a Atlanta ta Amurka aka ɗauki wurin. Maganar ɓoye suna ta faɗi, tunda a finafinan kowa ya san waye Iron Man. Sai aka maye gurbinta da yarjejeniyar da ƙasashe 117 suka amince da ita, wadda ta sa jarumai ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. Yaƙin da ya haɗa tarin jarumai a littafi ya koma na mutum 12 a filin jirgin sama a Jamus. Kusan komai ya sauya, amma tambayar tana nan: wa zai sa ido a kan mai ƙarfi, kuma wa zai biya diyyar waɗanda suka mutu a gefen hanya?

Inda gyara ya fi asali

Black Panther ya fara fitowa a 1966, aikin Stan Lee da Jack Kirby. A littattafan, M'Baku mugu ne mai sanye da fatar farin goggon biri, kuma laƙabinsa na nufin mutum-biri. Masu fim ɗin 2018 sun san abin da zai biyo baya idan aka kira baƙar fata da irin wannan suna, sai suka jefar da laƙabin, suka mayar da shi shugaban ƙabilar Jabari mai mutunci da barkwanci. Dakarun mata na Dora Milaje, waɗanda Christopher Priest ya shigo da su a 1998, a asali ana kallonsu har a matsayin matan da sarki zai iya aura nan gaba. Fim ya bar su sojoji zalla. Killmonger ma a littafi ba ɗan'uwan T'Challa ba ne. Fim ne ya mayar da shi ɗan ƙanin mahaifinsa, kuma hakan ya sa rigimar ta zama ta cikin gida, mai ciwo. Da an bi littafi sau da ƙafa a waɗannan wurare, da fim ɗin ya ragu.

Kwafi ba shi ne amana ba

Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda ya fito a kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, shi ne babban ma'auni a wannan musu. Fim ɗin Zack Snyder na 2009 ya kwaikwayi zanen sosai, har kana iya ɗora hoton fim a kan shafi su yi daidai. Babban abin da ya sauya shi ne ƙarshe: a littafi wata ƙatuwar halitta ta bogi aka jefa birnin New York don a tsorata Amurka da Tarayyar Sobiyat su haɗa kai, a fim kuma birane aka tarwatsa aka ɗora wa Doctor Manhattan laifi.

Sai dai ƙorafin masu karatu da yawa ya wuce nan. Moore ya zana jarumansa a matsayin mutane masu rauni da taɓin zuciya, waɗanda dukansu ke tayar da hankali. Fim ya ɗauki faɗace-faɗacen a hankali cikin ƙawa, har suka zama abin sha'awa. An samu hoton, an rasa manufar. Moore dai ya ƙi yarda a sa sunansa a fim ɗin.

Kwatanta wannan da Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018. Labarinsa bai bi wani littafi guda ba, amma ya ɗauko jikin komik ɗin kansa: ɗigo-ɗigon tawada irin na tsohuwar injin buga littafi, rubutun tunani a cikin akwati, da kalmomin ƙara da ke bayyana a allo. A wasu wurare ana motsa Miles Morales da hotuna 12 a daƙiƙa maimakon 24, don a ji cewa bai ƙware ba tukuna. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2019.

Cin amana na gaskiya, da wayar da ta gyara shi

Idan ana neman misalin cin amana, ga Deadpool a fim ɗin X-Men Origins: Wolverine na 2009. Jarumin da aka sani da surutu da baƙar magana tun 1991, sai aka ɗinke masa baki. An bar sunan, an kashe halin. A 2014 wani gajeren bidiyon gwaji na Ryan Reynolds a matsayin Deadpool na asali ya ɓulla a intanet, jama'a suka yi ta yaɗa shi, kuma ba da jimawa ba Fox ya amince a yi fim ɗin. Deadpool na 2016, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 58, ya samo sama da dala miliyan 780.

Amma a yi hattara da masu cewa "ba haka yake a littafi ba". Da Superman ya kashe Zod a fim ɗin Man of Steel na 2013, an yi ta cewa Superman ba ya kisa. Alhali a 1988, a labarin John Byrne, ya kashe wani Zod ɗin da hannunsa. Jarumin da aka shekara sama da 80 ana rubutawa, ta hannun marubuta barkatai, ba shi da littafi guda da za a ce shi ne asali. Tambayar da ta dace ita ce: wane littafin, na wace shekara?

Akwai kuma wata amanar da ba a cika magana a kanta ba, ta mutanen da suka ƙirƙiro labaran. Bill Finger, wanda ya taka babbar rawa wajen samar da Batman a 1939, sai a 2015 aka fara sa sunansa a hukumance, shekaru 41 bayan mutuwarsa. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka ƙirƙiro Winter Soldier, ya bayyana a 2021 cewa abin da ya samu daga 'yar fitowar da ya yi a fim ɗin ya fi abin da ya samu na ƙirƙirar jarumin.

Duba da kanka

Gani ya kori ji, kuma wayarka ta isa. Manhajar Marvel Unlimited na ɗauke da littattafai sama da 30,000, ana biyan kuɗin wata, kuma kana iya sauke wasu ka karanta ba tare da data ba. DC na da tasa mai suna DC Universe Infinite, sai dai ba a kowace ƙasa take aiki ba, don haka ka fara dubawa a Play Store ko App Store. A manhajar Kindle kuma ana sayen littafi ɗaya-ɗaya. Idan fuskar wayarka ƙarama ce, kunna tsarin da ke nuna zane ɗaya bayan ɗaya maimakon shafi gaba ɗaya.

Fara da Civil War, kashi bakwai ne kacal, sannan ka sake kallon fim ɗin. Kana gamawa ka tambayi kanka: in an cire kaya da sunan, zan gane wannan jarumin ta halinsa? In amsar e ce, an riƙe amana ko da an sauya gari da shekara. In a'a ce, to mutumin nan na zauren WhatsApp ya yi gaskiya.