CUTAR NIFA: YADDA TA ƁUYA A GARKEN ALADU KAFIN TA FAƊA WA MUTANE

Mai karatu, wataƙila da ganin kalmar alade ka ce wannan shafi ba naka ba ne, tunda ba ka kiwonsa ba ka kuma cin namansa. Ka daure ka karanta, domin cutar da za mu yi bayani ta kashe mutane da yawa waɗanda ba su taɓa kusantar alade ba.

A watan Satumba na 1998 aka fara kai masu kiwon aladu asibiti a kusa da garin Ipoh na ƙasar Malesiya, da zazzaɓi da ciwon kai da ruɗewa, wasu su suma ba su farfaɗo ba. Hukuma ta ɗauka wani ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ne da sauro ke yaɗawa, sai aka dukufa feshi da allurar rigakafi. Mutuwa ba ta tsaya ba. Wasu likitoci suka lura cewa wancan ciwo yara ya fi kamawa, wannan kuwa magidanta ne masu aiki cikin aladu. Maƙwabtansu Musulmi kuma ba ya taɓa su, alhali sauro ba ya tambayar addini kafin ya yi cizo. A watan Maris na 1999 Dakta Chua Kaw Bing na Jami'ar Malaya ya gano cewa sabuwar ƙwayar cutar bairos ce. Aka sa mata suna Nifa, daga ƙauyen Sungai Nipah.

Asalinta jikin jemagu ne masu cin 'ya'yan itatuwa, su kuma ba ta yi musu komai. A babbar gonar da abin ya faro an dasa mangwaro dab da ɗakunan aladu. Jemage ya gutsuri mangwaro ya yar da saura da yawunsa a jiki, alade ya cinye.

Abin da ya fi ba masu bincike mamaki shi ne daɗewar da ta yi a garken ba a sani ba. Yawancin aladun da suka kamu ba sa mutuwa. Wasu su yi tari mai ƙarfi su warke, wasu ko alama babu. Bincike ya nuna cewa shigarta ta farko kamar wutar kara ce, ta ratsa garke ta mutu, ta bar iyaye mata da garkuwa a jiki. Da ta sake shigowa sai ta tarar da abin ya canza. 'Ya'yan da ake haifa suna samun kariya daga nonon uwa, kariyar kuma tana gushewa bayan 'yan makonni. Saboda haka kullum akwai 'yan ƙalilan da za ta kama, ba su isa a yi annobar da za a gani ba, amma sun isa su hana ta ƙarewa. Haka ta riƙa ci kamar wutar ƙaiƙayi. Da masu gona suka tsorata suka sayar da aladu da araha zuwa kudancin ƙasar, sai ta bi su.

Mutum 265 suka kamu a Malesiya, 105 suka rasu. A Singafo ma'aikatan mayanka 11 suka kamu, ɗaya ya rasu. Sai da aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya kafin ta lafa. Ko a jikin mutum ma takan ɓuya, domin wasu da suka warke ciwon ƙwaƙwalwar ya dawo musu bayan watanni ko shekaru.

Daga 2001 ta riƙa ɓulla a Bangaladash, inda babu ruwan alade a ciki. Can mutane kan sha ɗanyen ruwan da ake tatsa daga jikin itacen dabino, jemagu kuma sun sa baki a tukunyar da dare. Daga nan majinyaci ya shafa wa mai jinyarsa ta yawu da majina. Haka aka gani a jihar Kerala ta Indiya a 2018, har ma'aikaciyar jinya ta rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kashi 40 zuwa 75 cikin ɗari na waɗanda ta kama, kuma har yanzu ba a amince da wani magani ko rigakafi nata ba.

Ba a tabbatar da ɓullar Nifa a Nijeriya ko Nijar ba, don haka kada hankalinka ya tashi. Sai dai an samu alamar 'yan uwanta a jinin jemagu a Ghana, irin jemagun nan da ke cika manyan itatuwan garuruwanmu. Kada a bar yara su ci mangwaro ko gwaiba da aka tsinta da shaidar haƙori a jiki. A wanke na kirki kafin a ci. In kana jinyar mai zazzaɓi da ruɗewa, ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi, ka kuma kawo shi asibiti da wuri. In likita ya tambaye ka sana'arka, ko dabbobin gida sun yi ciwo kwanan nan, ko ka yi tafiya ƙasar waje, ka faɗa masa duka, ko da kana ganin abin bai shafi ciwon ba.