KWANA BIYUN SU A TEKUN FULORIDA: 'YAN GARI DA BAƘI

Duk wanda ya taɓa ganin ranar su a Argungu ya san yadda mutane kan tsaya a bakin Matan Fada da homa da gora, kowa ya ƙagu a ba da izini ya faɗa ruwa. To, mutanen Amurka ma suna da irin tasu ranar, sai dai su ba kifi suke bi ba. Abin da suke nema shi ne wata halittar teku da ake kira lobsta, watau babban yayan jatan landen nan da ake gani a kasuwannin Ikko da Fatakwal. Wani yakan kai tsawon kamu ɗaya ko fiye, yana da ƙahoni biyu dogaye da ƙwanso mai ƙaya, naman kuwa yawancinsa a wutsiya yake. Mutanen wurin ƙwaro suke ce masa, amma ƙwaron nan tsada gare shi.

Inda abin ya fi tashe shi ne can ƙarshen jihar Fulorida ta kudu, wurin da ƙananan tsibirai suka yi jerin gwano cikin teku har zuwa garin Ki Wes. Hanyar mota guda ɗaya ce tak ta haɗa su, mai tsawon mil ɗari da 'yan kai, da gadoji 42, ɗaya daga cikinsu ma ta kusa mil bakwai. Tsibiran suna ƙarƙashin gundumar Monro, wadda ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta ba su fi dubu 83 ba. Amma a ƙarshen watan Yuli sai ka ga hanyar nan ta cushe da motoci, kowace tana jan kwalekwale mai inji.

Dalili kuwa shi ne, daga 1 ga Afrilu hukuma takan rufe kamun lobsta ƙaf, domin lokacin ne yake hayayyafa. Ba a buɗewa sosai sai 6 ga Agusta, a yi ta kamu har 31 ga Maris. Amma tun cikin shekarun 1970 aka ware kwana biyu kafin buɗewar, don masu kamun nishaɗi su sami nasu rabo tun masunta ba su zuba gurarsu a ruwa ba. Yanzu kwanakin su ne Laraba da Alhamis na ƙarshe da suka zo a jere cikin Yuli. Ana farawa da minti ɗaya bayan sha biyun dare.

Yadda ake kamun ba wuya a baki. Lobsta da rana yakan lafe cikin kogon dutse ko ƙarƙashin murjani, ƙahoninsa kaɗai ke leƙowa. Mai nutso yakan sa gilashin ido, wani da bututun shaƙar iska, wani da tulun iska a baya, ya riƙe siririn sanda da 'yar homa. Sai ya zura sandan ta bayan lobsta ya ɗan taɓa wutsiyarsa, shi kuwa ya tako waje a hankali. Da yake in ya firgita da baya yake gudu, sai a tare bayan da homa, ya faɗa da kansa. Wanda bai iya ba shi ne kan cafko ƙaho, ƙahon ya karye a hannunsa, lobsta ya tsere da rauni.

Dokokin kuwa ba na wasa ba ne. Sai mutum ya yanki lasin kamun kifi na teku, ya kuma ƙara da takardar izinin lobsta. A gundumar Monro guda shida aka yarda mutum ya kama a rana, a yawancin sauran jihar kuwa sha biyu cikin kwana biyun nan. Ƙwanson da ya rufe kai da ƙirji dole ya wuce inci uku, kuma a cikin ruwa za a auna, ba bayan an hau jirgi ba, saboda haka tilas kowane mai nutso ya riƙe ma'auni. Macen da ke ɗauke da ƙwai, wanda akan gani jajaye a manne ƙarƙashin wutsiyarta, ba a taɓa ta. Ba a sukarsa da mashi ko ƙugiya. Ba a kuma murɗe wutsiya a jefar da kai tun ana kan ruwa. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan yana iya shan ɗaurin kwana 60 da tarar dala 500.

Da yake ɗan Adam ba ya rasa dabara, wasu sukan cika jirgi da yara da tsofaffi don a ƙidaya musu shida shida. Doka ta toshe wannan: rabon na wanda ya shiga kamun ne da kansa, ba a kama wa wani. Wasu kuma sukan kai shidan farko gida su zuba a firji su komo, kamar yanzu suka fito. Wannan ma laifi ne, kuma shi ne abin da ya fi ci wa 'yan gari tuwo a ƙwarya, domin daga tagarsu suna ganin jirgi ɗaya ya yi sawu uku kafin azahar.

A nan ne maganar ta zama ta mai gida da baƙo. Mutanen tsibiran ba su ƙi baƙi ba, ai da baƙi suke ci. Yuli lokacin zafi ne, ciniki kan ja baya, kwana biyun nan kuwa sukan cika masaukai da gidajen abinci da gidajen mai. Amma kukan da suke yi shi ne na ɓarna. Baƙon da ya kashe kuɗi mai yawa ya zo daga nesa ba ya son komawa hannu rabbana, saboda haka in lobsta ya ƙi fitowa sai ya kife dutsen murjanin gaba ɗaya. Murjani kuwa abu ne mai rai, wanda kan yi shekaru aru aru kafin ya girma, kuma in aka kife shi an rushe gidan da lobsta zai shiga baɗi. Wani ya jefa anka a kansa. Wanda bai san hanyar ruwa ba ya bi ta wuri marar zurfi, farfelar injinsa ta yi wa ciyawar teku tsage, alhali cikin ciyawar nan ƙananan lobsta ke girma. Da yamma kuma a zubar da kawuna cikin magudanar da ke bayan gidajen mutane, baƙo ya tafi, wari ya zauna.

Don haka ne aka ƙara wasu sharuɗɗa a gundumar. An hana nutso da dare a cikin kwana biyun. An hana nutso kusa da gaɓar da ke da gidaje, sai an ba da tazarar ƙafa 300, haka kuma cikin magudanan unguwa da matsayar jirage. Akwai kuma wuraren da aka keɓe ba a kamu ko kaɗan, kamar gandun Ebagiles da tsibiran Dirai Totugas.

Akwai kuma dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda ɗan gari ke auna mutum da su. Kowane tsohon hannu yana da ramukansa da ya sani, wasu ma gadonsu ya yi, ba ya kuwa faɗa wa kowa. A doka teku ta kowa ce, ba mai rami. Amma bin jirgin wani a baya don a ga inda zai tsaya a ɗauke lambar wurin, abin kunya ne. In ka tarar da jirgi a kan rami, sai ka wuce gaba. In ɗan gari ya yi maka karamci ya kai ka wurinsa, ba ka komawa baɗi da abokanka sai da saninsa. Gurar masunci kuwa ko kusa da ita ba a zuwa, domin abincin iyalinsa ne, kuma taɓa ta babban laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku har shekara biyar.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne rai. Mai nutso yakan kafa tuta ja mai farin layi a karkace, kuma doka ta ce jirgi ya nisance ta da ƙafa 300 a sarari, ƙafa 100 a mashigi, in kuwa dole ya matso to ya rage gudu ƙwarai. Duk da haka da wuya shekara ta wuce ba a ji an rasa wani ba. Wani jirgi ne ya bi ta kansa. Da yawa kuwa dattawa ne da suka shekara ba su shiga ruwa ba, suka ɗauko kayan da suka daɗe a ajiye, suka yi ta nutso cikin zumuɗi har zuciya ta gaza.

Shekara da shekaru wasu mazauna tsibiran suna kira a soke kwana biyun, masu masaukai da masu hayar jirage suna cewa a'a. Masunta kuwa nasu ƙorafin daban ne: su da ke biyan kuɗin kowace gura, su ne aka ce su jira sai masu nishaɗi sun gama tsince na kusa da gaɓa. A shekarar 2024 gwamnan jihar, Ron DeSantis, ya ƙara rana ɗaya, 14 ga Yuli, ya ce ta mazauna Fulorida ce kaɗai. Sai dai abin bai sanyaya wa mutanen tsibiran rai ba, domin mutumin Mayami da na Tamfa duk mazauna Fulorida ne, kuma yawancin motocin da ke cushe musu hanya daga can suke fitowa.